Shekarar 1687 da Ƙasar da Ba a Rubuta Ta Ba

Duk littafin da ya jero abubuwan da suka auku a duniya a shekarar 1687, wato 1098 zuwa 1099 bayan Hijira, kusan sunaye ɗaya yake kawowa. A Landan aka buga littafin Principia na Isaac Newton. A watan Agusta rundunar Daular Usmaniyya ta sha kashi a Mohács, a ƙasar Hangari, kuma kafin shekarar ta fita sojoji suka tuɓe Sarki Muhammadu na Huɗu suka naɗa ƙanensa Sulaimanu na Biyu. A Indiya Aurangzeb ya ci Golkonda bayan ya yi mata ƙawanya ta wata takwas. Ɗalibin da ke zaune a Meiganga, hedikwatar gundumar Mbere a lardin Adamawa na Kamaru, zai karance jerin tsaf bai ga ƙasarsa ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan giɓi labarin yadda ake adana tarihi yake ba mu, kuma cike shi da shekarun ƙage ya fi barinsa a buɗe illa.

Akwai masu cewa lissafin tarihi da shekara al'adar Turawa ce, a yar da ita baki ɗaya. Ban yarda ba. Malaman Agadas sun rubuta tarihin sarakunan Abzin da shekarun Hijira, shi ya sa muka san cewa a 1687 ɗin nan mulkin Sarki Muhammadu al-Mubarak, wanda ya hau gadon sarauta tun 1654, ya ƙare, ɗansa Agabba ya gaje shi. Agabba kuwa shi ne ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674. Wannan mutum ya cancanci shiga kowane jerin manyan mutanen shekarar, domin ya sauya taswirar ƙasar da ke tsakanin Abzin da ƙasar Hausa. Rashin sunansa a littattafan waje gazawar masu tattarawa ce, tunda takardar tana nan.

Kano kuma wani mataki ne dabam, kuma a nan ya kamata mai nazari ya tsaya ya natsu. Muna cewa Sarkin Kano Dadi ya yi mulki daga 1670 zuwa 1703, saboda haka shi ke bisa karaga a 1687. Amma kundin Tarihin Kano tsawon mulkin kowane sarki ya bayar. Shekarun Miladiyya da muke haddacewa, H. R. Palmer ne ya lissafo su da baya da baya sa'ad da ya fassara kundin a 1908. Idan tsawon mulkin sarki guda ya kauce da shekara biyu, duk waɗanda suka gabace shi sun kauce tare da shi. Kundin ya ce a zamanin Dadi ne Kwararrafa suka shiga birni ta Ƙofar Gadon Ƙaya har suka kai Bakin Ruwa. Zamanin tabbatacce ne, shekarar kuwa ƙiyasi ce, ko da yake an buga ta da lambobi har ta zama kamar yankan wuƙa.

Kwararrafan nan daga kwarin Binuwai suka fito, kogin da ke tasowa daga tsaunukan Adamawa arewa da Ngaundere ya bi ta Garwa. Ke nan yankin da jerin 1687 ya yi shiru a kansa yana maƙwabtaka da ƙarfin da ya girgiza Kano a ƙarnin. A lokacin babu lamidon Ngaundere, domin sai a 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu, Yola ma sai a 1841 aka kafa ta. Fataken Hausawa da suka bi hanyar hauren giwa har kasuwar Kunde mutanen ƙarni na 19 ne. Garin Meiganga kansa a zamanin mulkin Faransa ya bunƙasa. Waɗanda ake ɗauka tsofaffin mazauna tudun Adamawa su ne Mbum, masu sarautar Belaka, kuma tarihinsu a baki yake: jerin sarakuna, labarin ƙaura, kufai da wuraren tsafi da ake nuna wa na baya.

Irin wannan tarihi da zuriya yake auna lokaci. Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa da ya rasu a 2004, ya ƙarar da rayuwarsa yana bin fadoji da ƙauyuka yana ɗaukar bayanin dattawa, har ya fitar da littafi kan masarautun Fulani na tudun Adamawa a 1978. Philip Burnham ya zauna cikin Gbaya na Meiganga, nazarinsa ya fito a 1980. Aikin irin waɗannan masana yana iya nuna wa ya riga wa zuwa, wa ya tarar da wa. Da zarar an matsa baya da ƙarni na 19, shekara takamaimiya sai ta gagara, kuma masanin kirki yakan tsaya inda shaidarsa ta tsaya.

Abin da ke damuna shi ne ɗabi'ar da ke yaɗuwa a ƙananan littattafan tarihin garuruwa, inda marubuci kan ji kunyar giɓin, sai ya manna wa kakan kafa gari wata shekara mai lamba huɗu don garinsa ya yi kafaɗa da Kano. Wanda ya biyo baya sai ya kwafa, na uku ya kafa hujja da na biyu, daga nan babu mai komawa wurin dattijon da ke riƙe da ainihin jerin sunayen. Aikin da ke gaban sashen tarihi na Jami'ar Ngaundere da malaman unguwannin Hausawa da Fulani na Meiganga shi ne su naɗi waɗannan jerin daga bakin masu su, su kuma ɗauki hoton takardun Larabci da ajami da ke cikin gafakokin gidajen malamai, su rubuta a gefen kowace shekara ko daga takarda ta fito ko ƙiyasi ce.