Kogin Haɗeja: Yadda Madatsun Ruwa Suka Sauya Tafiyarsa

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa kafin a kai Wudil. Daga nan yake bi ta Ringim har Haɗeja, inda ƙasa ke shimfiɗewa, gangare ya ragu ƙwarai. A wannan yanki tsofaffin tuddan yashi ne ke tsara masa hanya, sai ya rarrabu rassa-rassa, kamar Marma mai nufar tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohuwar hanyarsa. Abin da ya tsira daga waɗannan rassa yakan haɗu da Kogin Jama'are, mai tasowa daga tsaunukan Jos, su zama Komadugu Yobe. Shi ne ke ratsa Gashuwa da Gaidam, ya raba Najeriya da Nijar, ya faɗa Tafkin Cadi.

A da, rayuwar fadamun Haɗeja da Nguru ta dogara ne ga cikar kogi da janyewarsa. Da damina ruwa yakan malale, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. Idan ya janye, manoma su bi danshi da wake da kayan lambu, makiyaya su sauko da shanu. Ƙasa guda tana ciyar da masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun sauya wannan tsari. Sun shayar da birnin Kano, ta Tiga kuma ta raya noman rani a Kadawa da Kura, amma sun rage ƙarfin ambaliya, sun kuma sa ruwa gudana har da rani. Rassan da suka saba bushewa suka daina, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta tare laka, ta toshe hanyoyi. Ruwa ya karkata zuwa Marma, gonakin Nguru suka nutse, na ƙasa da su kuma suka shiga ƙishirwa. Tsuntsayen jan-baki ma a cikin kacalar suke fakewa su afka wa hatsi.

Yashe hanyoyin ruwa da sare kacala suna da amfani, sai dai ciyawar za ta dawo muddin ba a gyara yadda ake sakin ruwa ba. Wajibi ne a riƙa sakinsa bisa tsarin damina da rani, tare da shawarar jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno, domin manomin Gaidam yana da haƙƙi a ruwan nan daidai da na Kura.