Muhawarar mataimaka: da wane mudu za mu auna su?

Yau tarihi za mu taɓa, tambayar kuma guda ce: idan masu neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa suka tsaya muhawara, ta yaya za mu gane wanda zai iya riƙe ƙasa?

Mu fara da daren Juma'a, 14 ga Disamba 2018, a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja. Mutum biyar ne suka tsaya: Yemi Osinbajo na APC, Peter Obi na PDP, Ganiyu Galadima na ACPN, Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN, sai 'yar jiharmu Umma Getso ta YPP. Amma ido duk yana kan biyun farko. Obi ya soki gwamnati cewa ba a rufe shago a tafi bin ɓarayi. Osinbajo ya mayar masa cewa idan ka bar ɓarayi suka kwashe kayan, ai shagon ma babu. Aka yi ta tafi, washegari kowane ɓangare ya ce gwaninsa ne ya ci.

To amma maganar da ta fi shafar aljihunka a daren ita ce ta tallafin man fetur. Lita tana naira 145 a lokacin. Obi ya ce tallafin asara ce. Osinbajo ya ce idan aka cire, lita za ta iya kaiwa naira 220. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki kaɗan lita ta haura naira 500 a Kano. Manomin rani mai injin ban ruwa a gefen madatsar Tiga ya ji a jikinsa. Haka direban da ke ratsa dajin Falgore da lodin masara daga Doguwa. Ka ga kenan habaicin shago ya wuce da daren, maganar mai ce ta biyo mu har gona.

Iya magana kuma ba ya kawo ƙuri'a. A watan Maris 2011, a muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa da tashar NN24 ta shirya, mutane da yawa sun ce Malam Ibrahim Shekarau ne ya fi kowa tsara zance. Jonathan ko zuwa bai yi ba. Da aka ƙirga, Jonathan ya ci zaɓe, Shekarau bai kai ƙuri'a miliyan ɗaya ba.

Wani zai ce, to mene ne na damuwa, ai mataimaki ɗan rakiya ne. Tarihi bai yarda da haka ba. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua jinya Saudiyya, bai miƙa wa majalisa takardar riƙon ƙwarya ba. Kwana 78 ƙasa tana zaune babu wanda ke da cikakken iko, sai 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta ba Goodluck Jonathan riƙo. Ranar 5 ga Mayu Allah ya yi wa Umaru rasuwa, washegari aka rantsar da Jonathan. Mutane nawa ne a Tudun Wada suka tsaya nazarin Jonathan kafin su dangwala ƙuri'a a 2007? Shi ɗin ma haka ya zama gwamnan Bayelsa a Disamba 2005, bayan an tsige maigidansa.

Ko a gida abin ya faru. A watan Mayu 1983 Abubakar Rimi ya ajiye kujerar gwamnan Kano don ya yi takara a NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya karɓa har zuwa Oktoba. A Kaduna kuwa, Abba Musa Rimi a 1981, Patrick Yakowa a 2010, Ramalan Yero a 2012, duk daga kujerar mataimaki suka hau. Sashe na 146 na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara: shugaba ya rasu, ya yi murabus ko an tsige shi, mataimaki ne shugaba. Ba a sake zaɓe, ba a sake tambayarka.

Saboda haka ga mudu uku.

Na farko, me ya taɓa riƙewa, me ya bari a wurin? Obi ya yi gwamnan Anambra daga 2006 zuwa 2014. Osinbajo ya yi riƙon ƙwarya sau biyu a 2017 lokacin jinyar Buhari a Landan, shi ya sa hannu a kasafin kuɗin shekarar, kuma ranar 7 ga Agusta 2018 ya sallami shugaban DSS Lawal Daura bayan jami'an hukumar sun tare ƙofar majalisa. Ko ka yaba ko ka kushe, aiki ne da za a iya dubawa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na biyu, idan ya yi alkawari, ya faɗi wanda zai biya kuɗin? Duk wanda ya ce zai cire tallafi, a tambaye shi yadda taki da mai za su isa hannun manomin Kiru. Duk wanda ya ce zai bar shi, a tambaye shi inda zai samo kuɗin. Mataimaki ne ke shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 ke zama, don haka wannan lissafin aikinsa ne.

Na uku, ya amsa abin da aka tambaye shi, ko ya kauce ya koma zagin abokin hamayya? Wanda ya kasa tsayawa gaban tambayar ɗan jarida na minti biyu, yaya zai yi ranar da aka tashe shi da tsakar dare aka ce ƙasa tana hannunsa?

Wannan mudun ka riƙe shi har kan mataimakin gwamna da na ciyaman ɗin ƙaramar hukumarku. A takardar zaɓe tambarin jam'iyya ɗaya kake dangwalawa, amma mutum biyu ka ɗauka aiki. Ka san su duka biyun kafin ka shiga layi.

Nan za mu dasa aya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.