Raunin Sanyin Esi a Motoci a Yanayin Zafin Arewa: Ƙarancin Gas ne ko Gazawar Kwandensa?

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ke sa na'urar sanyaya mota, wato esi, ta riƙa aiki amma sanyinta bai kai ba, a garuruwa masu tsananin zafi irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri. An dogara da jadawalin matsi da zafi na gas ɗin R134a, aka haɗa da lura da yadda kanikawan esi ke aiki a gareji. Binciken ya nuna cewa karatun geji a motar da ke kashe ba ya faɗin yawan gas ɗin da ke ciki, kuma gazawar kwandensa ita kaɗai tana iya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na sanyin, alhali ko giram ɗaya na gas bai fita ba.

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, a lokacin ne kuma garejin masu gyaran esi ke cika. Koken masu mota kusan iri ɗaya ne: da safe akwai sanyi, a kan babbar hanya akwai sanyi, amma da azahar ta yi aka shiga cunkoso sai iska mai ɗumi. Amsar da suke samu ma kusan ɗaya ce: “Alhaji, gas ɗinka ne ya sauka.” A ɗaura gwangwani, a ƙara, a biya. Bayan kwana kaɗan a dawo da koke guda. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan amsa, ga irin wannan koke, kuskure ce a mafi yawan lokuta, kuma kuskure ne mai kashe kwamfuresa.

2.0 Waiwaye

Rubuce-rubucen da suka shafi gas ɗin esi sun fi karkata ga muhalli. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 ce ta kori gas ɗin R12 saboda ɓarnar da yake yi wa rufin ozon, R134a ya maye gurbinsa a motoci a farkon shekarun 1990. Gyaran Kigali na 2016 ya sa R134a ɗin ma a jerin waɗanda za a rage, domin ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 1,430. Tun daga Janairun 2017 galibin sababbin motocin Tarayyar Turai suka koma R1234yf. Babu jayayya da waɗannan ayyuka, sai dai ba su amsa tambayar mai motar da ke zufa a gosulo ba.

Jayayyar tana tare da ra'ayin da ya kafu a gareji, wanda ya tsaya a kan ƙafa biyu. Ta farko ita ce gas yana ƙarewa da amfani, kamar man fetur. Ba haka ba ne. Gas ɗin esi zagayawa yake yi a rufaffiyar hanya: kwamfuresa ta matsa shi, kwandensar da ke gaban lagireto ta zubar da zafinsa ya zama ruwa, bawul ya sake shi, ya tafasa a cikin ebaforeta da ke bayan dasbod ya tsotse zafin cikin mota, ya koma kwamfuresa. Ba a ƙone shi. Abin da ke sulalewa ta tiyo da roba ɗan kaɗan ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta ƙayyade shi a giram 40 a shekara ga mota mai ebaforeta ɗaya, alhali ƙananan motoci kan ɗauki tsakanin giram 400 zuwa 800. Motar da ke neman ƙari duk wata biyu tana da yoyo, kuma yoyo toshe shi ake yi.

Ƙafa ta biyu ita ce ta fi ɓarna, wato a ɗaura geji motar tana kashe, a dubi allura, a yanke hukunci. Matuƙar akwai ko ɗan ruwan gas a cikin hanyar, matsin da geji zai nuna zafin wurin ne kawai ke ƙayyade shi. A digiri 25 zai nuna kimanin psi 82, a digiri 35 kimanin 114, a digiri 40 kimanin 133, ko motar cike take ko saura rabi. Mai sayar da gas ɗin girki ya san wannan, shi ya sa ba ya sa geji a tukunya, sikeli yake ɗora ta. Abu biyu kaɗai wannan karatu ke iya faɗa. Idan allurar ta faɗi ƙasa warwas, gas ya tsiyaye. Idan kuma ta zarce abin da jadawali ya ce nesa, bayan inji ya huce sarai, to akwai iska a ciki ko an gauraya wani gas. R22 na esin gida, alal misali, yana nuna sama da psi 200 a digiri 40.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An yi amfani da jadawalin R134a wajen lissafa matsi da kuma zafin da kowane kilo na gas ke iya kwashewa, an ɗauka gas yana tafasa a digiri 0 a ebaforeta, kuma ruwansa yana barin kwandensa ba tare da ƙarin hucewa ba. An gwada sakamakon da abin da aka gani a garejin esi a Kano, a motoci masu R134a, galibinsu Beljiyam, da geji mai fuska biyu (allurar ja ta matsin kwandensa, ta shuɗi ta matsin ebaforeta) da ma'aunin zafi a bakin iska.

4.0 Sakamako

4.1 Kwandensa

Duk zafin da aka kwasa daga cikin mota, da wanda kwamfuresa ta ƙara da aikinta, ta kwandensa zai fita. Ita kuwa ba ta iya zubar da zafi sai ta fi iskar da ke ratsa ta zafi. Idan aka ɗauki tazarar digiri 20 ga lafiyayyar kwandensa, a garin da zafinsa yake 25 gas zai zama ruwa a digiri 45, allurar ja ta tsaya wajen psi 154. A garin da zafinsa yake 40 kuwa sai a digiri 60, allurar ta kai wajen 229, kuma babu abin da ya lalace. Nan ne bakaniken da ya haddace lamba ɗaya yake ɓata, domin littattafan kamfanonin mota jadawali suke bayarwa mai tafiya da zafin gari, ba lamba ɗaya ba.

Yanzu a ce iskar da ke ratsa kwandensar ta ragu har tazarar ta zama 40. A garin da zafinsa yake 40, gas zai zama ruwa a digiri 80, matsi ya kai wajen psi 367. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ke faruwa a bakin bawul. Ruwan gas da ya iso da zafi dole ya fara sanyaya kansa kafin ya sanyaya kowa, ta hanyar ƙafewar wani sashe nasa nan take. Lissafi ya nuna idan ya iso a digiri 45, kimanin kashi 32 cikin ɗari ne ke ƙafewa haka. A digiri 60, kashi 44. A digiri 80, kashi 62. Wato kilo ɗaya da ke kwashe kilojul 135 na zafi a yanayin farko, 111 yake kwashewa a na biyu, 76 a na uku. Tsakanin lafiyayyar kwandensa da shaƙaƙƙiya a rana ɗaya ta bazara, kusan kashi 31 cikin ɗari na sanyi ya tafi. Asarar ma ta fi haka, domin kwamfuresar da ke ninka matsi ƙasa da sau shida yanzu tana ninka shi sau tara, kuma tana tura gas ƙasa da yadda ta saba. Idan matsin ya ci gaba da hawa, makunnin kariya zai yanke ta, a motoci da dama tsakanin psi 400 zuwa 450, sai mai mota ya ji sanyi na zuwa yana ɗaukewa.

Abubuwan da ke shaƙe kwandensa a ƙasarmu ba ɓoyayyu ba ne. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, takan kwanta a tsakanin siraran ganyayyakin alminiyam tun daga Nuwamba har Maris, daidai gab da shigowar zafi. Idan aka kwance kwandensa aka ɗan ja ta gaba, abin da ake tararwa a ratar da ke tsakaninta da lagireto ya isa shaida: tabarmar ƙura da ta haɗu da danshin mai ta daskare, guntayen leda, gashin kaji, matattun fara. Daga waje kuwa fuskarta tas, tun da ita ake wankewa. Masu wankin mota da ruwa mai ƙarfi sukan kwantar da ganyayyakin, su rufe hanyar iska. Motocin Beljiyam da suka sha gishirin titin Turai a lokacin dusar ƙanƙara sukan zo da ganyayyakin ƙasa sun ruɓe, ana taɓawa suna marmashewa. Sai kuma fanka: wadda rile ko fis ɗinta ya ƙone, wadda ke juyawa a ƙaramin gudu kaɗai, wadda aka cire mata rufin roba bayan haɗari ba a mayar ba, da wadda aka sauya aka haɗa wayoyinta a juye, tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta. Wannan ta ƙarshe tana juyawa da ƙara, kowa ya kalle ta zai ce lafiya lau take. Guntun takarda da aka riƙe a gaban kwandensa shi ke tona ta, domin lafiyayyar fanka manne shi za ta yi.

Wannan ne ya bayyana koken da aka fara da shi. A kan hanyar Kano zuwa Zariya gudun mota yana cusa iska ta ƙarfi, sai kwandensa ta samu abin da fanka ta kasa ba ta. A cunkoso, inji yana sulo, fanka ce kaɗai, iskar da take jawowa kuma ta kwalta mai zafi ce da hayaƙin motar gaba. Motar da gas ɗinta ya yi ƙasa da gaske ba ta yin wannan bambanci sosai: sanyinta rarrauna ne a ko'ina, alluran biyu duk suna ƙasa, kulocin kwamfuresa yana kamawa yana saki akai-akai, kuma sau da yawa akan ga tabon mai a wurin yoyon.

Gwajin da ke raba gardama bai fi butar ruwa ba. A tayar da mota a rana, esi a kunne, geji a ɗaure, a yayyafa ruwa a fuskar kwandensa. Lafiyayyar ma za ta ɗan sauka. Amma idan allurar ja ta rufto daga sama da 300 cikin ɗan lokaci, iskar cikin mota kuma ta yi sanyin da hannu ke ji, to gas yana nan, kwamfuresa tana aiki, bawul yana aiki. Abin da aka rasa shi ne hanyar fitar zafi. Abin takaici, wasu kanikawa sun san zuba ruwan nan, amma suna yinsa ne lokacin ɗura gas, don matsi ya sauka gwangwani ya shige. Hujjar da ke hana su ƙarawa ita suke amfani da ita su ƙara.

Sakamakon ƙarin a fili yake. Rarar ruwan gas ba ta da wurin zama sai ƙasan kwandensa, inda take cinye filin da ya kamata tururi ya zubar da zafinsa. Ƙaramar kwandensa ta ƙara ƙanƙancewa, matsi ya ƙara hawa. Idan kuma ba a fitar da iskar tiyo ba kafin a ɗura, iska ta shiga, ita kuwa ba ta zama ruwa, sai ta tare nata wurin. Danshin da ta zo da shi man PAG na kwamfuresa ne ke tsotse shi, ya lalace. Kwamfuresar da ke aiki da zafi haka da gurɓataccen mai ba ta daɗewa, kuma idan ta ci kanta, garin ƙarfenta yakan cika siraran hanyoyin kwandensar zamani yadda wanki ba ya fitar da shi. Gyaran da ruwa da buroshi mai laushi za su yi ya koma sayen kwamfuresa da kwandensa da diraya.

4.2 Sauran musabbabai

Idan iskar da ke fitowa tana da sanyi amma ba ta da ƙarfi, a duba filtar cikin mota, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin dasbod, kuma ƙura kan toshe ta. Idan bututun da ke komawa kwamfuresa yana da sanyi yana raɓa amma cikin mota ɗumi, ƙofar da ke gauraya iskar hita ce ta maƙale. Alluran da suka matso kusa da juna, ta shuɗi sama ta ja ƙasa, alamar gajiyar kwamfuresa ce. Kulocin da ke saki idan inji ya yi zafi yawanci ratarsa ce ta buɗe. Inda aka tabbatar gas ne ya yi ƙasa, a nemo yoyon, a toshe, a zuƙe hanyar da famfon zuƙa, sannan a ɗura da sikeli daidai nauyin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonat.

5.0 Iyakar Bincike

Dole a amince cewa tazarar digiri 20 da 40 zaɓaɓɓun misalai ne na lissafi, kowace mota da tata, kuma ƙarin hucewar da ruwan gas ke samu kafin bawul zai ɗan ɗaga lambobin kilojul ɗin, ko da yake ba zai sauya alkiblarsu ba. Lurar da aka yi a gareji ta siffantawa ce, ba ƙidaya ba. Ba a kuma musanta cewa yoyo ya yawaita a tsofaffin motocin da robobinsu suka bushe. Binciken bai shafi R1234yf ba, haka nan bai shafi kwamfuresa mai sauya ƙarfinta da kanta ba, irin wadda ke cikin motocin Turai da dama. Ita wannan takan riƙe allurar shuɗi a wuri ɗaya ko da gas ya ragu, don haka a cikinta karatun geji ya fi ruɗarwa, kuma zuƙe gas ɗin a auna shi a sikeli ne kaɗai ke nuna abin da ya rage.