Gayya da Adashi a Bayan Loko: Tarihin Gidauniyar Fantsuam

Jama'a, da yawa daga cikinmu kan wuce Bayan Loko ba tare da sanin abin da aka shuka a wurin ba. Jirgin ƙasa ne ya tara kakanninmu da Fantswam da Ibo da Yarbawa a Kafanchan tun 1927. Da harkar jirgi ta mutu, sai kasuwa ta yi sanyi, matasa suka rasa abin yi.

A cikin wannan hali ne aka kafa Gidauniyar Fantsuam a 1996, ƙarƙashin jagorancin John Dada da Kazanka Comfort. Da ƙaramin rance suka fara, ga mata 'yan kasuwa da manoma. To, ina jingina, tunda talaka ba shi da takardar fili? Sai aka ɗauko dabarar da matan suka riga suka sani a adashi: a haɗu rukuni-rukuni, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta. Wadda ta ƙi biya, ba ma'aikaci take jin kunya ba, maƙwabciyarta take jin kunya. Da haka kuɗin suka riƙa dawowa, aka ba wasu.

Daga rance aka shiga koyar da kwamfuta. A 2001 cibiyarsu ta Bayan Loko ta ci kyautar Hafkin ta Afirka, karon farko da aka bayar da ita. Bayan wasu shekaru suka kafa Zittnet, intanet marar waya, suka haɗa da hasken rana saboda halin wutar NEPA da kowa ya sani. Shirinsu na aikin sa kai kuwa Gaiya suka raɗa masa, wato gayyar nan tamu ta noma.

Abin lura, 'yan'uwa: masu ba da tallafi daga Turai da Kanada sun kawo kuɗi da na'ura, amma amana da aikin hannu na mutanen gari ne. Ba don su ba, da na'urorin sun zama na ƙura.

Mu da muka ga 1987, muka ga ƙonewar kasuwa a 2011, mun san abin da rabuwar kai ke jawowa. Rukunin rance da ajin koyon sana'a na cikin 'yan wuraren da ke zaunar da mutane a tabarma ɗaya. In muka tsaya kallo daga nesa, za a tsara abin ba da bukatunmu ba. Mu tura 'ya'yanmu da matanmu, mu je taro mu yi magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.