Tsohuwar Bindiga Mai Baki Biyu: Gano Shekarunta da Asalinta

Sau da yawa mukan tarar da tsohuwar bindiga mai baki biyu a hannun maharbi ko cikin kayan gado, a ce mana ta kakanni ce, kuma daga Ingila ta fito. To amma masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Bindigar Turai tana ɗauke da tarihinta a jikinta, muddin mun san inda za mu duba.

Abu na farko shi ne ƙirarta. A 1807 wani limamin kirista na Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi ta hanyar bugu, wadda sannu a hankali ta kawar da ƙanƙara. A shekarun 1830 Casimir Lefaucheux na Faris ya fito da bindigar da ake karyawa a ɗura mata harsashi ta baya. A 1875 kuma Anson da Deeley, ma'aikatan kamfanin Westley Richards a Bamingam, suka shigar da 'yan gudumomin da ke bugun harsashi cikin cikin bindigar. Don haka duk wadda muka gani da wannan tsari nasu ba ta riga 1875 ba. Sai dai ƙira iyaka ɗaya kawai take ba mu, domin an ci gaba da yin mai gudumomi a waje har cikin ƙarni na 20.

Abu na biyu, wanda ya fi ƙarfi, shi ne hatimin gwaji. Idan aka cire bututun aka kifa shi, za a ga ƙananan tambura a ƙasansa, kusa da mazaunin harsashi. Hukumomin da ke gwada ƙarfin bindiga kafin a sayar su ne ke buga su. An kafa gidan gwaji na Bamingam a 1813, kuma tambarinsa na dā sanduna biyu ne gicciye. Rubutun NOT FOR BALL, wato gargaɗin kada a harba dunƙulen dalma saboda an tsuke bakin, daga 1875 zuwa 1887 aka yi amfani da shi a Ingila. Haruffan NP ƙarƙashin kambi kuwa, shaidar gwaji da albarushi marar hayaƙi, sun soma a Bamingam a 1904. Birnin Liyej na Beljiyam yana da haruffan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai, aka ɗora wa zoben kambi a 1893. Sai mu tuna cewa hatimi lokacin gwaji yake nunawa, kuma akan sake gwada bindiga bayan gyara, ta tashi da tambura na zamani biyu.

Abu na uku shi ne sunan maƙeri, kuma nan ne aka fi yaudarar mai saye. Maƙeran Liyej sun fitar da bindigogi masu araha birjik ɗauke da sunaye masu kama da na Ingilishi, irin su W. Richards, don mai saye ya zaci na Westley Richards ne. Idan suna ya ce Landan, hatimi kuma ya ce Liyej kaɗai, hatimin za mu gaskata. Haka nan ya kamata lambar da ke kan bututu ta dace da ta sauran sassa. Manyan gidaje kamar Purdey, wanda aka kafa a Landan a 1814, suna da kundayen da za a iya bin lamba a ciki har a kai ga shekarar ƙira.

Wannan bincike ya wuce maganar kuɗi da alfahari. Bututun da aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe, mai zane kamar igiyar ruwa, galibi don baƙin albarushi aka ƙera shi, kuma tsatsa kan ɓuya a gaɓoɓinsa. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, alhali harsashin da ya fi yawa a kasuwa 70 ne. Wanda ya ɗura irin wannan bisa rashin sani yana iya rasa yatsu ko ido. Saboda haka, kafin mu yi tinƙaho da abin da muka gada, balle mu ja kunamarta, sai mu kifa bututun mu karanta, sannan mu kai wa gwanin maƙeri ya duba.