Turawan Farko Na Kano Larabawa Ne

Duk ɗan kasuwar Gombe da ke zuwa sarin atamfa a Kantin Kwari ya san Kwarori, wato 'yan Labanan. Amma kafin su akwai wasu baƙin da suka riga su zama a Kano, har suka narke cikin mutanen gari.

A cikin birni akwai unguwar da ake kira Dandalin Turawa. Mai jin sunan zai ɗauka Ingilishi ne suka zauna a wurin. A'a. A tsohuwar Hausa, farin Balarabe shi ake ce wa Bature, daga baya ne sunan ya koma kan Nasara. Turawan wannan dandali fatake ne daga Gadamus da Turabulus, a ƙasar Libiya ta yau. Unguwar Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta samo suna, wato masaukin fatake. Tun kafin su, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), Shehu Magili ya zo daga Tilimsan, kuma Sharifan Kano da shugabansu Sidi Fari ga zuriyarsa suke danganta kansu.

Ayarin raƙuma kan tashi daga Turabulus ya bi ta Gadamus, Gat, Agadas da Damagaram kafin ya sauke a Kano, tafiyar watanni. Suna kawo alharini, takarda, duwatsun ado da takubba, su koma da jar fata, hauren giwa, gashin jimina, da kuma bayi, wanda bai kamata a ɓoye ba. Lokacin da Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da su da gidajensu da harkarsu a kafe.

Abin da ya karya wannan fatauci ba ɓoyayye ba ne. Ingilishi suka ci Kano a 1903, Italiya ta afka wa Turabulus a 1911, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke kai wa teku cikin watanni, jirgi ya riƙa kai su cikin kwanaki. Wasu Larabawan suka koma gida, da yawa suka tsaya, domin sun riga sun yi aure sun haifa. Jikokinsu yau Kanawa ne, sai dai hasken fata ko sunan gida ya tona asali. Alkaki, alkubus da gurasar da muke ci har nan Gombe, daga ɗakin girkin waɗannan gidaje ake cewa sun fito.

Jirgin da ya kashe kasuwarsu shi ya kawo Kwarori, daidai lokacin da cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Guguwar hijira ɗaya ce ta watsa mutanen Labanan zuwa Barazil, Mekziko da Afirka ta Yamma. Hamshaƙin attajirin nan na Mekziko, Carlos Slim, ɗan irin waɗannan baƙi ne. Na Kano suka shiga sayen gyaɗa da fata da sayar da yadi, daga baya suka kafa masana'antu.

Sai dai su ba su narke kamar na farko ba, kuma a ganina ba laifinsu ba ne su kaɗai. Larabawan Gadamus a cikin ganuwa suka sauka, ƙarƙashin Sarki, masallaci ɗaya da maƙwabta. Kwarori kuwa Turawan mulki ne suka yanka musu fili a wajen ganuwa, gefen Fagge, nesa da mutanen birni. Wasunsu Kiristoci ne, kuma galibi daga gida suke ɗauko mata. Shi ya sa za ka ga wanda kakansa a Kano aka haife shi, yana Hausa kamar jakin Kano, amma har gobe Kwara ake ce masa.

Rukunin kantunansu na yadi shi ya zama Kantin Kwari, inda yanzu Hausawa ne suka fi yawa. Titin Beirut kuma yana nan da sunansa, an fi saninsa yau da kasuwar wayoyin hannu.