Matan Man Gyaɗa a Ƙasar Kazaure da Batun Kariya a Wurin Aiki

Kwakwar manja ba ta yi a ƙasar Gwiwa da ke masarautar Kazaure, domin bishiya ce mai son ruwan kurmi. Man da matan masarautar Kazaure suka gada shi ne na gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aikin gyaɗa ya rabu biyu: maza suka riƙe noma da awo da cinikin buhunan da aka riƙa tarawa dala-dala a Kano, mata kuwa suka riƙe suya da murza da niƙa da matsar mai a cikin gida, har zuwa tunkuza, wato abin da ya rage bayan an tatse man, wadda da ita ake yin ƙuli-ƙuli. Bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, dalar ta ɓace, amma sana'ar matan ba ta mutu ba.

Shugabanci a wannan sana'a bai jira gwamnati ba. Uwar adashi, wato matar da ake amince wa da zubin kuɗi har kwasa ta zo kan kowa, ita ce ke samar wa sabuwar shiga jari, tsofaffin gwanaye kuma su ke koya wa 'yan mata yadda ake zuba ruwan zafi a ƙullun gyaɗa ba tare da an ƙone ba. Shirin Better Life na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, ya ƙarfafa kafa ƙungiyoyin mata a karkara, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga jari da inji fiye da lafiyar mai aikin. Injin markaɗe ya rage wahalar daka, amma bel ɗinsa da ba murfi yana iya fizgar mayafi ko hijabi, ga kuma hayaƙin itace da mace ke wuni tana shaƙa da goyo a bayanta.

A manyan gonakin kwakwar manja na Indonesiya da Malesiya da kudancin Najeriya, matsin lambar masu saye ya haifar da ƙungiyar RSPO a 2004, wadda ƙa'idojinta suka hana a sa mai ciki ko mai shayarwa feshin maganin ƙwari. Matar Gwiwa ba ta da irin wannan gata, domin Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta rufe sassan inji masu haɗari, da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, duk an gina su ne a kan ma'aikaci mai ubangida, ita kuwa ita ce ma'aikaciya kuma ita ce mai jari. Ya kamata ƙananan hukumomin Gwiwa da Roni da Kazaure su wajabta sa murfi a kan kowane injin markaɗe, su kuma danƙa wa shugabannin ƙungiyoyin matan alhakin sa ido a kansa.